Intanet da Manufar Al'adu ta Ƙasa: Abin da Ake Hange Daga Filinge

A garin Tillaberi, babban birnin jaharmu, aka yi taron ƙasa na shata wa Nijar manufar al'adu, cikin shekara ta 1985. Takardar da ta bayyana wannan manufa a hukumance sai a 2008 gwamnati ta amince da ita, dokar da ta kafa mata ginshiƙi kuma ta biyo baya a 2009. Waɗanda suka zauna a taron farko mutane ne da suka san hanyoyin da al'ada ke bi ta isa ga jama'a a zamaninsu: dandalin Samariya, da bikin matasa na ƙasa, da filin kokowa, da gidan tarihi na Yamai, da Muryar Sahel. Abin da ya haɗa waɗannan hanyoyi duka shi ne hukuma ce ke riƙe da mabuɗinsu. Ita ke zaɓen wanda zai hau dandali, ita ke ɗaukar murya, ita ke ajiye faifan. Yau kuwa waƙa da tatsuniya da wa'azi da zambo suna shigowa gidajenmu ta wata ƙofa wadda ba hukuma ta gina ba, kuma babu mai gadi a bakinta. Tambayar da nake son mu duba tare, ni da ƴan uwana malamai da shugabannin ƙungiyoyin raya al'adu, ita ce: mene ne aikin ƙasa a bakin wannan ƙofa?

Amsoshi biyu na fi ji. Ta farko ita ce ta ofisoshi, inda ake ɗaukar intanet a matsayin allon talla: a buɗe shafi a Facebook, a sa hotunan buɗe taro da na rufe taro, a sanar da ranar biki, shi ke nan an shiga zamani. Ta biyu ita ce ta iyaye da malaman addini da wasu abokan aikina, waɗanda ke kallon abin a matsayin annoba mai cinye tarbiyya, a nemo dokar da za ta taka masa birki. Kowace tana da nata gaskiya. Hukuma ma ta nuna ta san ƙarfin abin: an yi dokar laifuffukan intanet a 2019, an kuma katse intanet na wayoyin salula har kwana goma bayan zaɓen shugaban ƙasa na watan Fabrairun 2021. Sai dai duka amsoshin biyu sun tsallake aikin da nake ganin shi ne na farko, wato aikin rumbu. Manomin Kurfai ya san cewa kafin a yi zancen kai hatsi kasuwa ko korar ɓeraye, sai an tara damman, an ƙidaya su, an san na wace gona ne da na wace damina.

Ya kamata mu fara sanin abin da kalmar intanet ke nufi a nan, domin ba shi ne abin da take nufi a takardun masana ba. Tsakanin Filinge da Yamai kilomita wajen 180 ne, amma ta fuskar rezo tazarar ta fi haka. Mafi yawan manyanmu ba su karanta boko, kwamfuta kuwa sai a ofis ko hannun ƴan tsiraru. Intanet ɗinmu waya ce, kuma murya ce. Saƙon murya na WhatsApp shi ne wasiƙa, shi ne jarida, shi ne sanƙira mai shelar aure da suna. Ɗan ci-rani da ke Kwatano ko Akara ko Legas da shi yake gaida uwarsa, ta cikinsa ake aiko masa da guɗar bikin ƙanwarsa. Bayan wannan sai ɗan katin nan na ajiya da ake sa wa waya. Ranar kasuwa za ka ga yaro zaune da tsohuwar kwamfuta ƙarƙashin rumfa, kusa da mai cajin waya, ka ba shi dala ashirin ko arba'in ya cika maka katinka da waƙoƙi da finafinan Kano da wa'azi. Shi ya sauko da su daga intanet sau ɗaya, daga hannunsa kuma su bazu zuwa ƙauyukan da rezo bai taɓa isa ba. In ana neman babban jami'in yaɗa al'adu na ƙasar Kurfai a yau, to wannan yaro ne, ko da yake babu wanda ya naɗa shi, babu kuma wanda ya taɓa kiransa taron ƙara wa juna sani.

Mu ɗauki misalin Mamman Gawo, mawaƙin da sunansa ba ya fita bakin mutum sai da sunan garinmu manne da shi. Har a Sakkwato da Kano, in ka ce daga Filinge kake, akwai dattijon da zai yi murmushi ya ce maka garin Gawo. Kaifin harshensa da iya habaicinsa sun sa masu nazarin waƙar baka a jami'o'in Nijeriya suna lissafa shi cikin manyan makaɗan Hausa. Waƙoƙinsa suna nan a YouTube, suna cikin katunan waya, kuma wannan abin farin ciki ne, domin da kaset kaɗai muka dogara da yanzu zafi da ƙura sun gama da su. Wata shekara na ba ɗalibaina na ajin ƙarshe aiki: kowa ya nemo waƙa ɗaya ta Gawo, ya rubuta ta, ya faɗa mini shekarar da aka ɗauke ta, da inda aka ɗauke ta, da sunayen ƴan amshi, da wanda aka yi wa ita. Waƙoƙi sun zo da yawa, cikin kwana biyu kacal. Sauran tambayoyin kuwa babu wanda ya samo amsarsu a waya. Waƙa guda ta zo da suna uku daban-daban, wata an yanke mata kai, wata an liƙa mata hoton wani mawaƙi dabam. Yarinya ɗaya ce ta zo da abin kirki, ita ma daga bakin kakarta ta samo shi: tsohuwar ta gane mutumin da ake yi wa habaici a cikin waƙar, ta ba da labarin rigimar da ta haifar da ita. Da wannan bayani sai baitocin da ajin ke dariyarsu ba tare da fahimta ba suka zama darasin tarihin gari.

A nan ne nake ganin aikin hukuma yake. Kwafar murya da yaɗa ta, jama'a sun ɗauke wa gwamnati wannan nauyi, kuma sun fi ta sauri. Abin da ɗan kasuwa ba zai yi ba, don ba ya kawo masa ko dala, shi ne bin diddigi: wa ya yi, yaushe, a ina, da wane kayan kiɗa, don wa, kuma su wane ne magadansa. Waƙar da ba ta da wannan bayani kamar raƙumin da ba shi da shaida ne, duk wanda ya kama akalarsa nasa ne. Ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa, BNDA, an tsara shi ne a zamanin kaset da gidajen rediyo da dandalin wasa. Yaya zai nemo wa iyalan mawaƙi haƙƙinsu daga wani shafi da ke wata nahiya, in babu rajistar da ta tabbatar da cewa waƙar tasu ce? Kuma abin mai yiwuwa ne. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tattara waƙoƙi daga katunan waya a arewacin Mali, ya fitar da su a faifai a 2011 ƙarƙashin kamfaninsa Sahel Sounds, ya bi sawun masu su ɗaya bayan ɗaya don a biya su. Ta wannan hanya duniya ta fara jin ɗan ƙasarmu Mdou Moctar. Abin da mutum guda ya yi da jakar goyo, bai kamata ya gagari ƙasa ba.

Akwai misali na biyu, wanda ya fi na farko nauyi. Wajen shekara ta 1925, a ƙauyen Shikal da ke nan ƙasar Kurfai, wata mata mai suna Shibo ta fara hawan wasu sababbin iskoki masu kwaikwayon sojoji da kumandodin Nasara. Su ne aka sani da Babule ko Hauka. Mabiyanta suka yi yawa, suka bijire wa haraji da aikin tilas da ikon sarki Gado Namalaya, har kumandan Yamai na lokacin, Crocicchia, ya sa aka kama su aka tsare. Daga baya ƴan ci-rani suka kai abin Gwalkwas, Gana ta yau, inda Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa Les Maîtres fous a kewayen Akara, wanda ya fito a 1955. Fim ɗin ya tada ƙura tun ranar da aka fara nuna shi a Paris, Turawan Ingila suka hana nuna shi a ƙasar da aka ɗauke shi, amma ya ci kyauta a Venise a 1957, kuma har yau ana koyar da shi a jami'o'in Turai da Amurka. Masanin tarihi Finn Fuglestad ya rubuta maƙala a kan Hauka a 1975, cikin mujallar Cahiers d'études africaines, kuma duk mai rezo da Faransanci yana iya karanta ta kyauta a rumbun Persée na Faransa.

To ga inda muke: ɗalibi a Lyon ko Chicago yana iya sanin abin da ya faru a Shikal cikin minti biyar, alhali jikokin waɗanda abin ya faru da su, in ba su yi lakwal mai zurfi ba, ƙofar a rufe take gare su. In kuwa yaronmu ya ci karo da fim ɗin a waya, zai ga mutane suna kumfar baki suna yanka kare, babu wanda zai gaya masa cewa akwai haraji da bulala da aikin tilas a bayan wannan hoto. Na san da yawa daga cikin masu karatu za su ce wannan shafi ne na jahiliyya, gara a bar shi a rufe. Ni ma musulmi ne, ba kuma ina kiran kowa zuwa ga bori ba. Amma shafin a buɗe yake tun tuni, wasu ne suka buɗe shi, da harshensu, da fassararsu. Abin da ya rage mana shi ne mu sa namu bayani kusa da nasu, da Hausa da Zabarmanci, daga bakin dattawan da suka ji labarin wurin iyayensu. A 2024 an sauya sunayen wasu titunan Yamai, titin De Gaulle ya koma na Djibo Bakary, kuma na yi murna da haka. Sai dai sauya allo aikin yini ɗaya ne. Mayar wa mutanen Shikal tarihinsu cikin harshen da suke ji zai ɗauki shekaru da kuɗi da haƙuri.

Ba daga sifiri za a fara ba. Ƙasar nan ta yi sa'ar samun mutane irin su Bubu Hama, waɗanda suka fahimci darajar maganar baka tun da wuri. Cibiyar tattara tarihin baka da aka kafa a Yamai a 1968, wadda ta zama CELHTO, da cibiyar binciken IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni, suna riƙe da muryoyin maroƙa da masu tarihi da aka ɗauka tun shekarun 1960, ga kuma dubban rubuce-rubucen Larabci da ajami. Cibiyar kiɗa ta Elhaji Taya da gidan rediyon ƙasa su ma suna da nasu taskoki. Zaren kaset yana da ajali, na'urorin da ke karanta shi kuma sun daina fitowa daga masana'anta, saboda haka juye su cikin kwamfuta aiki ne na gaggawa. Abin da ya sami Tumbuktu a farkon 2013, lokacin da aka ƙone dubban littattafai a cibiyar Ahmed Baba, ya ishe mu gargaɗi. Amma ko an juye su duka, in suka tsaya cikin wata na'ura a Yamai wadda sai mai takardar izinin bincike ke isa gare ta, an dai sauya musu kurkuku ne. Muryar da aka ɗauka a Kurfai, ya kamata kwafinta ya dawo Kurfai: a makaranta, a gidan matasa, a rediyon karkara, har a rumfar yaron nan na kasuwa, cikin fayil marar nauyi wanda ƙaramar waya za ta iya buɗewa ba tare da rezo ba.

Sai batun harshe, wanda shi ne sana'ata. Dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa goma. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa ya mai da ita harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Wace Hausa ce za ta wakilce mu a intanet? Google ya sa Hausa cikin na'urarsa ta fassara tun 2013, kuma irin waɗannan na'urori daga rubutun da suka tarar suke koyo, wanda mafi yawansa na jaridun Nijeriya ne da gidajen rediyon ƙetare. Ba laifinsu ba ne, su suka rubuta, mu muka yi shiru. Amma sakamakon shi ne na'ura ba ta san cewa a wurinmu likita wuri ne da ake kwantar da marar lafiya ba, ba ta san jikka ba, ba ta san lakwal ba. Ɗalibin da ya rubuta mata cewa mushensu ya shigo aji, Allah kaɗai ya san abin da za ta fassara. A Kano dai mushe ba ya riƙe alli. Ko harafi ɗaya ya raba mu: mu muna rubuta ƴaƴa da ƴ mai ƙugiya bisa ƙa'idar rubutunmu, su suna sa waƙafi a gaban y, mai nema a intanet kuma in ya bi ɗaya sai ya rasa ɗaya.

Kurhwayanci kuwa, Hausar da muka sha a nono, wadda ke cewa hwara da hwaɗa, tana ja da baya a bakin yaranmu, finafinai da gajerun bidiyo na TikTok suna goge ta a hankali. Ba na adawa da daidaitacciyar Hausa, ita nake koyarwa, da ita nake wannan rubutu. Sai dai abin lura ne cewa nazarin da Jean-Guy Malka ya yi a kan bambancin furucin Hausar Filinge da daidaitacciyar Hausa, a mujallar Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ya fito, a Kano, a 1978. Kusan shekara hamsin ke nan. Waya mai ɗaukar murya tana hannun kowane malami yanzu. Tara sa'o'i ɗari na hirar tsofaffi cikin Kurhwayanci, tare da rubuta su, abu ne da malaman gunduma ɗaya za su iya gamawa cikin hutun damina biyu. Haka maƙwabtanmu Zabarmawan Tondikandiya, da Buzayen Imanan, da Fulanin da ke kiwo cikin Dallol Boso: ɗaukakar da Hausa ta samu za ta zama abin zargi in rumbun ƙasa ya cika da ita kaɗai.

Na san abin da za a ce: ƙasar da ke fama da yaƙi da yunwa, ina ta ga kuɗin adana tatsuniya? Tambaya ce ta gaskiya, kuma mu mutanen Tillaberi mun fi kowa sanin nauyinta. Tun 2017 sassan jaharmu ke cikin dokar ta-ɓaci, a 2020 aka hana hawan babur, ɗaruruwan makarantu sun rufe, ƙauyuka sun watse. Amma wannan shi ne dalilin gaggawar. Tsohon da ya san sunan kowace rijiya da kowane kwari tsakanin Abala da Sanam, wanda ya san wace zuri'a ta fara saran wane daji, yau yana zaune a gidan aro a Filinge ko a bayan garin Yamai, jikokinsa sun warwatsu. Ranar da zaman lafiya ya dawo aka fara gardamar iyakar gona da burtali, maganarsa za a nema. Kuɗin da aikin ke bukata kuma bai kai na bikin buɗe taro guda ba: waya mai kyau, da faranti mai caji da hasken rana, da katunan ajiya, da ɗan alhakin wanda ya yi aikin. An kafa hukumar ANSI a 2017 da shirinta na kai intanet ƙauyuka, Starlink ya fara aiki a ƙasar a 2025 ga mai halin biya. Duk wannan shimfiɗa hanya ne. Abin da za a ɗora wa hanyar, ma'aikatar al'adu da ta ilimi ne ya kamata su zauna su tsara shi tare, su sa shi cikin aikin malami a hukumance, da sa'o'insa da takardar cikewa iri ɗaya daga Tera har Bilma, don kada kowa ya yi nasa yadda ya ga dama ya tafi da shi ranar da aka yi masa canjin wurin aiki.

Abu na ƙarshe shi ne izini, kuma a nan doka take da amfani fiye da wurin tsoratarwa. Ba duk abin da aka ɗauka ne na idon duniya ba. Akwai sirrin maƙera da na mafarauta, akwai asalin zuri'a wanda in ya fita ba bisa hanya ba zai iya raba aure, musamman inda maganar bauta ta shigo. Takardar cikewar da nake magana a kai dole ta tambayi mai magana: wannan na kowa ne, ko na makaranta, ko na iyalinka kaɗai? Kuma amsarsa ta zama tana da ƙarfin doka a kan mai bincike na gida da na waje. A ƙungiyarmu ta malamai mun gwada haka da wasu tsofaffin mata da suka yarda su rera mana waƙoƙin daka da na kamun amarya. Waƙoƙin daka sun ce a kai ko'ina. Da aka zo na amarya sai babbarsu ta ce wa abokiyar aikinmu da ke riƙe da wayar: “Ɗiyata, wannan ki ajiye wa ƴan mata, kada in ji shi a tasha.” Katin yana hannun malamar, an rubuta sharaɗin a jikin ambulan ɗinsa, kuma ɗalibai mata na aji biyu sun saurare shi bana.